Masu rubuta taken labarai a intanet, ku daina sayar mana da biri a sama

A daminar bara, wata maƙwabciyata, dattijuwa mai sana'ar ƙuli-ƙuli, ta buga mini ƙofa bayan isha'i, jikinta na rawa, tana riƙe da wayar jikarta. Ɗanta direba ne, yana jigila tsakanin Maraɗi da Damagaram, kuma tun la'asar wayarsa ba ta shiga. An turo wa jikar wani saƙo ta WhatsApp, ita kuma ta karanta wa kakar: "Innalillahi! Mummunan hatsari ya rutsa da matafiya, ku ga abin da ya faru." Ƙarƙashin rubutun ga hoton mota ta yi raga-raga. Babu sunan gari, babu sunan hanya, babu rana. Megar yarinyar ta ƙare, babu damar buɗewa. Na buɗe da tawa wayar, na ratsa tallace-tallace huɗu, sai na iske hatsarin a wata ƙasa ya auku, kuma ya shekara biyu da aukuwa. Ɗan nata ya iso da asuba lafiya lau, ashe batirinsa ne ya mutu. To amma daren da tsohuwar nan ta kwana zaune, wa zai biya ta?

Wanda ya rubuta wancan take ya san garin, ya san ranar, tunda suna cikin labarin da shi da kansa ya kwafo. Da gangan ya ɓoye su, domin ya san in ya faɗa, babu wanda zai latsa daga Maraɗi. Ya auna tsoron uwa, ya ga abin da zai kawo masa, ya sayar. Wannan sana'a ce nake so mu tattauna a kanta, ya ku ƴan uwana malamai da shugabannin ƙungiyoyin raya al'adu, domin ta zama ruwan dare a shafukan Hausa, kuma shirun da muka yi ya fara kama da yarda.

Mu fara da kalmar kanta. Kafin Bahaushe ya san jarida ya san take. Take shi ne kiɗan da ake yi wa mutum ɗaya ko sana'a ɗaya, wanda da an buga shi, ko a bayan gari kake, ka san da wa ake. Mahauta na da nasu a kalangu, manoma na da nasu a gangar noma, ɗan kokowa na da nasa, sarki na da nasa a tambari. Sharaɗin take guda ne, wato ya dace da mai shi. Makaɗin da ya buga taken sarki alhali ɗan kama ne ke tafe, zai tara jama'a sau ɗaya, ranar da sarkin ya zo da gaske kuwa babu mai fitowa. Da magabatanmu suka ɗauko wannan kalma suka ba layin da ake ɗorawa a kan rubutu, sun san nauyin da suka ɗora masa.

Haka nan mai shela. In ya tsaya a bakin kasuwa ya buga ganga, sai ya isar da gaisuwar sarki, sa'an nan ya faɗi saƙo ɗungurungum: gobe za a yi wa shanu allura a wuri kaza, kowa ya kai nasa. Ba mu taɓa jin mai shelar da ya ce "wani abin mamaki zai faru gobe, mai son ji ya biyo ni gida da dala biyar" ba. Ɓoye magana yana da fagensa a al'adarmu, shi ne kacici-kacici, kuma wasa ne na dare wanda aka yi yarjejeniya a kansa. Ko a can ma, in ka kasa, sai ka ba da gari a faɗa maka amsa. Masu shafukan yau kuwa gari suke karɓa su riƙe amsar.

Rubutun boko na Hausa ma a kan wannan ladabi ya tashi. Littattafan da aka buga a 1934 bayan gasar da aka shirya a Zariya, irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Gandoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, kowanne sunansa ya cika alkawarin da ya ɗauka: ka buɗe ka iske neman ruwan, ka iske jarumin, ka iske malamin. Jaridar da ta fara fitowa a watan Janairun 1939, wadda Imam ya yi wa edita, an sa mata suna Gaskiya Ta Fi Kwabo, sunan da ke gaya wa mai saye cewa abin da zai karɓa ya fi abin da ya biya. A nan gida Nijar, jaridar yaƙi da jahilci ta ɗauki sunan Ganga, kuma da iskar dimokuraɗiyya ta kaɗa, jaridar da Ibrahim Cheick Diop ya kafa a 1990 ta kira kanta Haske, ko da yake da faransanci ake rubuta ta. Ganga, haske, gaskiya: abin da masu aikin suka ɗauka suna bin mai karatu ke nan. Yau an juya cinikin, kwabo ya fi gaskiya.

Yaya aka yi muka zo nan? Ba lalacewar tarbiyya ce kaɗai ba, akwai lissafin kuɗi a ciki, kuma ya kamata malami ya san shi. Jaridar takarda gaba ɗayanta ake saye. Wanda ya sayi Le Sahel ya saye ta da sunanta da shafukanta duka, saboda haka mai ita yana tattalin sunan. A intanet kuwa kowane labari shi kaɗai yake fita yawo, babu uwa babu uba, ya faɗa Facebook ko WhatsApp tsakanin hoton biki da sanarwar rasuwa. Masu talla kuma gwargwadon yawan waɗanda suka buɗe shafi suke biya. Ke nan kowace latsawa kuɗi ce, ko mai latsawar ya ƙaru ko ya fita yana tsaki. Wani masani a Amurka mai suna George Loewenstein ya bayyana tun 1994 cewa son sani yana tasowa ne idan mutum ya ga giɓi tsakanin abin da ya sani da abin da yake so ya sani, kuma giɓin yana damunsa kamar ƙaiƙayi har sai ya cike shi. Wani shafi na Amurka mai suna Upworthy, wanda aka kafa a 2012, ya mayar da wannan ƙaiƙayi jari. Ma'aikatansa kan rubuta take 25 ga labari guda, a gwada wasu daga ciki a kan masu karatu, a riƙe wanda ya fi jan hannu. Daga baya masu bincike suka samu waɗannan gwaje-gwaje, suka nazarci take kusan 105,000, suka buga sakamakon a 2023: a take mai matsakaicin tsawo, duk kalmar baƙin ciki ko tsoro ɗaya da aka ƙara tana ɗaga yawan latsawa da kashi 2.3 cikin ɗari. Ga asalin "tirƙashi" da "tashin hankali" da "asiri ya tonu" da suka cika mana wayoyi.

Abin dariya kuma abin takaici shi ne, kamfanin Facebook kansa ya sanar a 2014, ya sake sanarwa a 2016, cewa zai rage yaɗa irin waɗannan take, ya kuma fayyace iri biyu: mai ɓoye abin da ake bukata don a fahimci labari, da mai zuzuta abin da labarin bai kai ba. Wato abin da samarinmu ke kwaikwayo da sunan wayewa, gwanjo ne da masu shi suka daɗe da tuɓewa.

Na san abin da za a ce mini, domin tsofaffin ɗalibaina da ke wannan aiki sun faɗa mini a gabana. Na farko: "Mushe, in kiɗa ya canja rawa ma sai ta canja, kuma mu ma sai mun ci abinci." Ban musa ba, kuma ban raina wahalar saurayin da ya gama bakaloreya ya rasa aiki ya buɗe shafi ba. Sai dai ina tambayarsa: yarinyar da ke tallar tuwo, in ta riƙa kiran "ga nama" alhali gaya ne a tirenta, kwana nawa za ta yi a unguwa ɗaya? "Da ɗumi-ɗumi" kalma ce mai kyau, daga bakin murhu aka ɗauko ta. An yi ta liƙa ta a kan labaran da suka kwana uku har ta huce, yanzu babu wanda zuciyarsa ke bugawa in ya gan ta. "Innalillahi" kalma ce da ake faɗi a kan gawa. An mayar da ita ƙugiyar kamun kifi, har ana sa ta a kan faɗan ƴan fim. Mai shafin ya ci abincin yau, amma da irin shukar baɗi ya yi tuwon, kuma rumbun na kowa ne, tunda kalmomin na dukan masu jin Hausa ne.

Na biyu: "Ai gaskiyar tana cikin labarin, wanda ya buɗe zai gani." Wannan ita ce hujjar da ta fi rauni. A 2016, masu bincike na jami'ar Columbia ta Amurka da cibiyar Inria ta Faransa sun gano cewa kashi 59 cikin ɗari na adireshin labaran da aka yaɗa a Twitter babu wanda ya taɓa latsa su. A ƙasashen da intanet ke da araha ke nan. Ina ga wanda ke sayen mega ta dala ashirin yana lallaɓa ta kwana biyu? Ina ga wanda bai iya karatu ba, jikarsa ce ke karanta masa layin farko ta tsaya? A wurin mafi yawan mutanenmu, taken shi ne labarin gaba ɗaya. Shi ake ɗauka a kai majalisar shayi, shi ake maimaitawa a tasha. Ko wanda ya buɗe ma bai tsira ba: wani bincike da Ullrich Ecker da abokan aikinsa suka buga a 2014 a Ostareliya ya nuna cewa take mai karkata yana shafar abin da mai karatu zai tuna daga labarin, ko da ya karanta shi har ƙarshe. Wanda ya yi ƙarya a take ya faɗi gaskiya a sakin layi na shida, ya yi wa dubu ƙarya ne ya nemi gafarar goma.

Na uku, kuma wannan daga abokan aikina malaman faransanci yake fitowa: "Ai mu da kanmu muna koyar da cewa take iri biyu ne, mai ba da labari da mai jan hankali." Haka ne, kuma ban ce a kashe na biyun ba. Mu ɗauki take mafi shahara a tarihin jaridun Faransa. Ranar 13 ga Janairun 1898, jaridar L'Aurore ta buga wasiƙar Émile Zola zuwa ga shugaban ƙasa Félix Faure a kan zaluncin da aka yi wa Kyaftin Dreyfus. Zola wasiƙa ya kira ta, Georges Clemenceau ne ya ɗora mata "J'accuse…!", wato "Ina tuhuma". An buga kofi kusan 300,000. Taken ya ja hankali iyakar ja, amma daga cikin wasiƙar aka ciro shi, inda Zola ya yi ta maimaita kalmar yana ambaton sunayen manyan hafsoshi ɗaya bayan ɗaya, kuma ya tsaya gaban kotu a kanta. Wannan shi ne bambancin. Take mai jan hankali na gaskiya ƙofa ce da ke buɗewa cikin ɗaki. Na shafukanmu ƙofa ce da aka zana a jikin bango.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi shafar mu malaman Hausa, wato yadda ake wulaƙanta harshen a cikin take. Hausa tana da ƙaramar kalma mai harafi uku, "wai", wadda ke ɗauke da shakka gaba ɗayanta. Tana da "in ji" da "ana zargin". Su ake fara jefarwa don take ya yi zafi, sai zargi ya wayi gari ya zama hukunci, a ce "Malami ya cinye kuɗin makaranta" alhali ko gaban alƙali ba a je ba. Sai kuma "an" da "wani" da "wata", waɗanda aka mayar labulen ɓuya: an kama wani a wani gari. Wa ya kama, wa aka kama, a ina? Sai take mai alamar tambaya, "Shin za a soke jarrabawar BEPC?", wanda wani ɗan jaridar Ingila, Ian Betteridge, ya yi wa ba'a a 2009 cewa amsar irinsa "a'a" ce, domin da mai rubutun yana da tabbas da ya faɗa kai tsaye.

Ga kuma haruffa masu lanƙwasa. Tun taron Bamako na 1966 ake wahalar daidaita rubutun harsunanmu, a 1999 kuma ma'aikatar ilimi ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a Nijar. Yau kowace wayar zamani na iya rubuta ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, amma ana zubar da su. A cikin dogon rubutu, abin da ke gaba da baya kan tsamo mai karatu. A take babu gaba babu baya. "An bata kudin asibiti": an ba ta ne, ko an ɓata? "Magajin gari ya kare aikin": ya ƙare shi ne, ko ya kare shi daga masu suka? "Manoma da makiyaya sun kara": sun gwabza ne, ko sun ƙara wani abu da aka yanke daga layin? Lanƙwasa ɗaya ce tsakanin kyauta da sata.

Misalin nan na ƙarshe ya kai ni ga mafi muni. Akwai masu sa sunan ƙabila a take duk lokacin da aka yi ɓarna, su ce Fulani sun yi kaza, Buzaye sun yi kaza, alhali mutum uku ne suka yi, kuma suna da sunaye. Sun san sunan ƙabila yana jan latsawa. Mu mutanen wannan yanki ba mu da uzurin rashin sani. A Toda, cikin jihar Maraɗi, a 1991, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, akasarinsu mata da yara. A lokacin babu wayar salula. Da ƙafa da baki magana ta yi tafiya. Yau layi guda yana isa ƙauyuka ɗari kafin a sauke tukunya. Wanda ke rubuta take a ƙarshen damina, lokacin da garke ke gangarowa amfanin gona bai gama shiga rumbu ba, ya sani ashana ce a hannunsa.

Kada kuma mu malamai da ƴan ƙungiyoyi mu ɗauka mun fita. Namu laifin kishiyar wancan ne, kuma shi ke tura masu karatu wurin ƴan tarko. Ku duba abin da muke ɗorawa a kan sanarwoyinmu: "Bikin buɗe taron ƙara wa juna sani game da ƙarfafa ƙwarewar masu ruwa da tsaki a fannin bunƙasa karatu." Wannan faransancin ofis ne aka sa wa rigar Hausa. Sunaye ne jere kamar buhunan siminti, babu aikatau ko ɗaya, babu mutum a ciki. Hausa harshen aikatau ce, tana son a ce wane ya yi kaza. Me aka yanke a taron? In an yanke cewa za a buɗe ɗakin karatu a unguwanni uku kafin hutu, to shi ne take: "Za a buɗe ɗakunan karatu uku a Tawa kafin hutu." Wanda ya ga wannan zai buɗe don ya san ko unguwarsu na ciki, kuma in bai buɗe ba ya tafi da gaskiya.

Ashe ke nan take mai kyau ba asiri ba ne. A rubuta shi bayan an gama labarin, domin wanda bai san abin da ya faɗa ba ba zai iya taƙaita shi ba. A faɗi wanda ya yi, da abin da ya yi, da wurin. A sa kalma mafi nauyi a gaba, tunda allon waya da shafin Google suna yanke take in ya wuce haruffa kamar 60. In zargi ne a ce zargi ne, in maganar wani ce a ce in ji wane. In labarin tsoho ne a sa shekararsa. Sa'an nan a yi masa gwaji guda: in mutum ya karanta wannan layi kaɗai ya tafi kasuwa ya maimaita shi, gaskiya ya faɗa ko ƙarya? Bayan wannan, a yi gwaninta iyakar iyawa, a sa karin magana, a sa salo. Gishiri ba ya ɓata miya sai in shi kaɗai ne a tukunyar.

Aikin yana hannunmu fiye da yadda muke zato. Tun daga firamare muke ba yara nassi mu ce su ba shi take, mu ba da maki ɗaya ko biyu mu wuce, kamar tambayar cike gurbi. Alhali kuwa ita ce tambayar da ta fi kowace auna fahimta. Ni dai na fara ware rabin awa a mako: ɗalibai su kawo take biyar daga wayoyin gidansu, mu karanta labaran, mu auna abin da aka yi alkawari da abin da aka bayar, sa'an nan kowa ya sake rubuta taken da Hausa da faransanci. A mako na uku wata yarinya ƴar aji uku na kolej ta ɗaga hannu ta ce: "Mushe, ashe wanda ya ce ku ga abin da ya faru, shi ne wanda bai da abin faɗi." Ban ƙara mata komai ba. Ƙungiyoyinmu kuma, da ke shirya gasar waƙa da wasan kwaikwayo kowace shekara, me zai hana su ƙara gasar take, su kuma riƙa rubuta wa shafukan da suka yi ƙarya wasiƙa a fili, da ladabi, da hujja?

Tun 1973, da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, malamai ke fafutukar a ba harsunan gida matsayinsu. A 2025 dokar ƙasa ta ayyana Hausa harshen ƙasa. Doka tana ba harshe kujera, amma ba ta iya sa a yarda da abin da aka rubuta da shi. In yaranmu suka tashi da sanin cewa duk take na Hausa tarko ne, sai sun ga labarin da faransanci kafin su gaskata, to mun yi asarar abin da aka shekara hamsin ana nema, kuma da hannunmu. Maƙwabciyata ta riga ta yanke nata hukuncin. Yanzu in jikarta ta ce "Kaka, ga wani labari a waya", sai ta ce a bari sai ta ji a rediyo.